Shin Ko Kun San? Grand Central, Tashar Da Ta Tsallake Rijiya Da Baya

Shin ko kun san cewa tashar jirgin ƙasa da ta fi kowace yawan dandamalin hawa jirgi a duniya tana tsakiyar birnin New York na Amurka, kuma wanda ya tsaya a bakin titi ba zai hango jirgi ko ɗaya ba? Sunanta Grand Central. Dandamali 44 gare ta da layukan dogo 67, shimfiɗe hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, a fili mai faɗin eka 48. Yau ba ta ɗaukar masu tafiya mai nisa. Aikinta jigilar ma'aikata ne, waɗanda ke kwana a garuruwan arewacin birnin da jihar Connecticut, su yi sammako su shigo, su koma gida da yamma ta layuka uku: Hudson da Harlem da New Haven.

Shin ko kun san ginin da ake gani yanzu shi ne na uku a wurin? Na farko attajiri Cornelius Vanderbilt ne ya gina shi a 1871, mutumin da ya fara neman kuɗi yana ɗan shekara 16 da fiton mutane a kwalekwale tsakanin tsibirin Staten da Manhattan. Ya zaɓi titi na 42 ne saboda hukumar birni ta hana kan jirgi mai hayaƙi wuce nan zuwa cikin gari, sai dai a kwance taragu dawakai su ja. A lokacin titi na 42 bakin gari ne. Kafin shekara talatin gari ya cim masa ya wuce, tashar ta yi kaɗan, aka faɗaɗa ta a wajen 1900, ba a jima ba wannan ma ta yi kaɗan.

Shin ko kun san hatsari ne ya haifi tashar ta yau? Duk jirgin da zai shiga sai ya bi ta wani dogon rami a ƙarƙashin titin Park Avenue, kuma jiragen zamanin kwal suke ci. Hayaƙi da tururi kan cika ramin har direba ya kasa ganin fitilar da ke ba shi hannu. Da safiyar 8 ga Janairun 1902, wani jirgi da ya taso daga White Plains ya afka wa bayan wani da ke tsaye a cikin ramin yana jiran izinin shiga. Mutum 15 suka mutu nan take, yawancinsu ma'aikata ne 'yan garin New Rochelle da suka fito neman abinci. Jama'a suka fusata, jaridu suka yi ca a kan kamfanin New York Central, mai tashar. A 1903 majalisar dokokin jiha ta kafa doka cewa daga 1908 babu jirgi mai hayaƙi da zai sake shiga Manhattan ta wannan hanya. Ya zama dole a koma lantarki.

A nan ne babban injiniyan kamfanin, William Wilgus, ya kawo shawarar da ta sauya fasalin birnin. Mutumin nan bai yi digiri ba, a bakin aiki ya koyi injiniyanci. Lissafinsa mai sauƙi ne. Jirgi mai hayaƙi yana buƙatar buɗaɗɗen sarari a samansa, shi ya sa filin ajiye jirage na kamfanin ya zama wani wawakeken fili mai baƙin toka a tsakiyar gari, wanda ya datse tituna kuma babu mai son zama kusa da shi. Jirgin lantarki kuwa ba ya hayaƙi. To me zai hana a binne layukan gaba ɗaya, hawa biyu, a rufe samansu, sannan a ba masu kuɗi hayar sararin da ke bisa su gina otal-otal da ofisoshi? Kuɗin hayar su biya kuɗin aikin. Haka kuwa aka yi. Otal ɗin Biltmore da Commodore, daga baya Waldorf Astoria a 1931, duk a kan layukan jirage aka gina su. Da yawa daga manyan benayen wannan yanki na Park Avenue ba su da ɗakin ƙasa irin na sauran gidaje, domin a kan ginshiƙan ƙarfe suke tsaye, ginshiƙan kuma an kafa su ne a tsakanin layukan dogo. Ku riƙe wannan magana ta sayar da sarari, domin duk rigimar da tashar ta shiga daga baya a kanta ne.

Shin ko kun san shekara goma aka yi ana ginin, daga 1903 zuwa 1913, ba tare da an tsayar da zirga-zirgar jirage ba? Yanki-yanki aka bi: a fasa dutse a haƙa gefe guda, a shimfiɗa layi, a mayar da jirage can, sannan a koma gefe na gaba. Jirgin lantarki na farko ya shiga a 1906. Sai dai a Fabrairun 1907 wani sabon jirgin lantarki ya kauce daga layi a unguwar Woodlawn, mutum fiye da 20 suka rasu, aka shiga nuna wa juna yatsa tsakanin Wilgus da shugabannin kamfani, ya ajiye aiki a shekarar. Wanda ya yi tunanin tashar bai kai ranar buɗe ta yana kan kujerarsa ba, kuma har yau baƙi da yawa kan fita daga cikinta ba su ji sunansa ba. A ganina an ci masa haƙƙi.

Shin ko kun san har a Amurka sanayya ta yi aiki wajen raba kwangilar zanen ginin? Kamfanin Reed da Stem ne ya ci gasar zanen, shi kuwa Charles Reed ɗan'uwan matar Wilgus ne. Ana cikin haka sai aka cuso wani kamfanin, na Warren da Wetmore, domin Whitney Warren ɗan'uwan iyalan Vanderbilt ne. Aka tilasta musu aiki tare. Da Reed ya rasu a 1911, ɓangaren Warren ya karɓe aikin shi kaɗai, Allen Stem ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya ta sa a biya shi. Masana dai sun raba musu yabo: tsarin yadda mutane ke kai da komo na Reed ne, ƙawar fuskar ginin ta Warren ce.

An buɗe ƙofa da tsakar daren Lahadi, 2 ga Fabrairun 1913, shekara biyu bayan layin dogo ya iso Kano, kuma mutum wajen 150,000 suka shiga kallo a ranar farko. Abin da ya fi burge su shi ne rashin matakala a hanyar fasinja. Gangara aka yi mai sauƙin bi tun daga titi har bakin jirgi, saboda tsoho da mai kaya da mai goyo. Ƙwayayen lantarkin da ke cikin manyan fitilun tashar kuma tsirara aka bar su, babu murfi, domin a lokacin lantarki abin alfahari ne, ana so kowa ya gani. Wanda ya lura zai ga zanen ganye da 'ya'yan wata itaciya mai suna ok a jikin bango da fitilu da saman ƙofofi. Tambarin gidan Vanderbilt ke nan.

Shin ko kun san taurarin da ke rufin babban zauren a juye suke? Zauren yana da tsawon mita 84, faɗin mita 37, tsayinsa kuma ya kai mita 38. An shafe rufin da launi tsakanin kore da shuɗi, aka zana taurari wajen 2,500 da ruwan zinariya bisa tsarin wani mai zane Bafaranshe, Paul Helleu, aka sa wa kusan 60 daga cikinsu fitila. Ba a yi wata biyu da buɗewa ba wani fasinja mai sha'awar ilimin taurari ya ɗaga kai ya ce gabas ta koma yamma. Bayanin da aka riƙa bayarwa daga baya shi ne wai an zana sama ne kamar yadda wanda ke wajenta zai gan ta. Masu bincike da yawa sun fi karkata ga cewa kuskure ne aka yi wajen kwafe zanen daga takarda zuwa rufi. Ko da ruwa ya lalata rufin aka sake zana shi a wajen 1945, a juyen aka mayar da shi.

A tsakiyar zauren akwai rumfar tambaya, a samanta agogon tagulla mai fuska huɗu. Nan ne mahaɗar mutanen New York: idan aka ce a haɗu a ƙarƙashin agogo, ba a ƙara bayani. A cikin rumfar akwai wata siririyar matakala mai murɗewa, ɓoye cikin ginshiƙi, wadda ma'aikata ke bi su sauka hawan ƙasa. Ga kuma wani sirri da jaridar New York Times ta fallasa a 2009: jiragen ma'aikata kan tashi ne minti ɗaya bayan lokacin da aka rubuta a allo. Da gangan ake yi, don wanda ya makara ya samu shiga ba tare da ya yi gudun da zai faɗi a kan marmara ba.

Ku gangara hawan ƙasa, gaban gidan abincin Oyster Bar wanda ke nan tun 1913, za ku tarar da mutane sun juya baya sun manna fuska a lungu suna magana da bango. Lafiyarsu ƙalau. Rufin wurin baka ne mai kusurwa huɗu, an lulluɓe shi da ƙananan fale-falen yumɓu irin na gidan Guastavino, magina 'yan asalin Sifaniya. Idan mutum ya yi raɗa a kusurwa ɗaya, muryar takan bi lanƙwasar rufin ta sauka a kusurwar da ke daura da ita, nisan kusan mita tara, abokinsa ya ji ta tangaram alhali waɗanda ke wucewa ta tsakiya ba su ji komai ba.

Shin ko kun san jar dardumar da ake shimfiɗa wa manyan baƙi ta yi suna ne a wannan tasha? Jirgin alfarma na 20th Century Limited, mai zuwa Chicago, shi ake shimfiɗa wa fasinjojinsa ita tun daga ƙofa har bakin tarago. A 1947 mutum fiye da miliyan 65 suka bi ta Grand Central. Daga nan rana ta fara yi mata yamma. Gwamnati ta zuba kuɗi a manyan titunan mota daga 1956, jiragen sama masu sauri suka shigo, masu tafiya mai nisa suka watse. A 1967 jirgin jar darduma ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Kamfani ya shiga neman kuɗi ido rufe: aka cika zauren da allunan talla, har da wani makeken hoto mai haske na Kodak, mai tsawon mita 18, wanda ya toshe barandar gabas daga 1950 har 1990. A 1963 aka buɗe benen Pan Am mai hawa 59 a bayan tashar, wanda yau ake kira MetLife.

Shin ko kun san rushe wata tasha ne ya ceci wannan? A yammacin Manhattan akwai tashar Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1910, kuma mutane da yawa na ganin ta fi Grand Central kyau. A Oktoban 1963 aka sa mata guduma. Ginshiƙanta da gumakanta na dutse aka kwashe aka zubar a fadamun New Jersey, aka gina filin wasa na Madison Square Garden a gurbinta, fasinjoji kuma aka tura su ƙarƙashin ƙasa. Sai da aikin gama ya gama sannan mutanen birnin suka gane abin da suka rasa. A 1965 aka kafa dokar kare gine-ginen tarihi, a 1967 aka sa Grand Central a ƙarƙashinta.

Kamfani bai haƙura ba. A 1968 New York Central ya haɗe da tsohon abokin hamayyarsa suka zama Penn Central, suka kawo zanen Marcel Breuer na bene mai hawa 55 da za a ɗora a kan tashar. Hujjarsu ita ce ta Wilgus: sararin namu ne, da shi aka gina wurin tun farko, don me za a hana mu cin moriyarsa yanzu da muke cikin asara? Hukumar kare gine-gine ta ƙi. Kamfanin ya karye a 1970, karayar da ba a taɓa ganin irinta ba a Amurka kafin lokacin, amma shari'a ta ci gaba, kuma a Janairun 1975 wani alƙalin jiha ya ba kamfani gaskiya.

A nan Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi shugaba John Kennedy, ta shigo. Mace ce mai gudun 'yan jarida, amma ta tsaya gabansu a cikin Oyster Bar tare da ƙungiyar Municipal Art Society, ta kuma rubuta wa magajin gari Abraham Beame wasiƙa da hannunta tana roƙon a ɗaukaka ƙara, a daidai lokacin da baitulmalin birnin ya kusa ƙarewa. Aka ɗaukaka. A Afrilun 1978 ita da magoya baya suka cika jirgi guda zuwa Washington don jawo hankalin jama'a. Ranar 26 ga Yunin 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai shida suka rinjayi uku: birni yana da ikon hana ɓata ginin tarihi ba tare da biyan diyya ba, tunda mai ginin yana iya ci gaba da samun riba daidai gwargwado, kuma an ba shi damar sayar da haƙƙin sararin ga filayen da ke maƙwabtaka. Ɗaliban lauya a Amurka har gobe suna karanta wannan shari'a. Ni dai ina tare da alƙalai shidan. Wurin da dubban ɗaruruwan mutane ke ratsawa kullum ya wuce a bar wa mai takardar fili shi kaɗai ya yanke masa hukunci.

Shin ko kun san bayan nasarar kotu sai da tashar ta ƙara shekara wajen ashirin cikin ƙazanta? Rufi na yoyo, bango ya yi baƙi, ɗaruruwan marasa matsuguni na kwana a ɗakin jira da ramukan ƙasa. A 1983 aka kafa Metro-North a ƙarƙashin hukumar sufuri ta MTA ya karɓi jiragen ma'aikata. A 1991 jiragen Amtrak masu nisan zango suka koma tashar Pennsylvania. A 1994 MTA ta karɓi hayar ginin na shekara 110, sannan gyara na gaske ya kankama a hannun kamfanin Beyer Blinder Belle. Aka kafa wani dandamali mai tafiya a kan ƙarfe can sama, ma'aikata suka bi rufin taki-taki da ruwa da sabulu mai sauƙi da tsumma, fasinjoji na wucewa a ƙarƙashinsu. Dauɗar shekaru hamsin, ta ƙura da hayaƙin motoci da na taba sigari, ta fita, taurari suka bayyana. Da gangan suka bar wani ɗan baƙin tabo mai kusurwa huɗu a gefen arewa maso yamma, kusa da zanen ƙaguwa, don na baya su ga yadda rufin ya kasance. Suka kuma gina matakalar marmara ta gabas, wadda ke cikin zanen asali amma ba a taɓa yin ta ba. Aka zuba shaguna da kasuwar kayan abinci da gidajen cin abinci, kuɗin hayarsu na taimaka wa kula da ginin. Ranar 1 ga Oktoban 1998 aka yi bikin sake buɗewa.

Cinikin sarari kuma bai mutu ba. Dogon benen One Vanderbilt, mai tsayin mita 427, da aka buɗe a 2020 a jikin tashar ta yamma, sai da masu shi suka kashe dala miliyan 220 wajen gyaran hanyoyin fasinja da na jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin a yarje musu su kai wannan tsayi. Bankin JPMorgan Chase ma ya sayi wani kaso na haƙƙin sararin Grand Central don gina sabuwar hedikwatarsa a Park Avenue. Ita kuwa tashar kanta, tare da layukan Hudson da Harlem, MTA ta saye ta a 2020 kan dala miliyan 35 kacal.

Shin ko kun san akwai wata sabuwar tasha a ƙarƙashin tsohuwar? Grand Central Madison ke nan, wadda aka haƙa cikin dutse mita 43 ƙasa da Park Avenue, mai layuka takwas, don jiragen Long Island. An fara haƙa ramin da zai kawo su ta ƙarƙashin kogin East tun 1969, talaucin da birnin ya shiga a 1975 ya tsayar da aiki, ɓangaren ramin da aka tanadar musu ya zauna babu jirgi shekara da shekaru. Sai 25 ga Janairun 2023 jirgin farko ya shigo da fasinja. Matakalar lantarkin da ke fito da mutane tana da tsawon mita 55, hawanta ya fi minti ɗaya da rabi. Aikin ya ci dala biliyan 11, fiye da ninki biyu na ƙiyasin farko, kuma binciken New York Times na 2017 ya gano cewa an taɓa biyan ma'aikata 900 a inda aikin mutum 700 ne. Amfanin tashar a fili yake, ta rage wa dubban ma'aikata doguwar hanya, amma wannan kashe kuɗi ba abin koyi ba ne ga kowace ƙasa.

Jiragen Metro-North kan tsaya a titi na 125 a Harlem, su ratsa Bronx, unguwannin da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, cikinsu har da Hausawan Gana da Nijar da Najeriya. Wanda Allah ya kai shi birnin, shiga zauren kyauta ne, ba sai da tikiti ba.

Shin ko kun san ita ma tashar Pennsylvania an yi ƙoƙarin mayar mata da wani abu na martabarta? Tsohon babban gidan waya da ke tsallaken titi, wanda masu zanen tsohuwar tashar ne suka zana shi, aka gyara ya zama zauren jiran jirgi mai rufin gilashi, aka sa masa sunan Sanata Daniel Patrick Moynihan, wanda ya daɗe yana fafutikar a yi hakan. An buɗe shi ranar 1 ga Janairun 2021, bayan an kashe dala biliyan 1.6.